Yadda Ake Tuƙa Ƙaramar Tarakta da Ajiye Ta a Gida Ba Tare da Tsautsayi Ba

Ƙaramar tarakta tana da yaudara. Duk wanda ya saba ganin manyan taraktocin gona, in ya ga 'yar wannan mai ƙarfin doki 25 ko 35 tana tsaye a harabar gida, sai ya raina ta. Ga sauƙin tuƙi, ga shi ba ta gudu, yaro ma gani yake zai iya. Amma da yawa daga cikinsu, ba bokiti ba garma, sun haura tan ɗaya, in kuma aka ɗaura bokitin gaba da nauyin baya sai su doshi tan biyu. Abu mai wannan nauyi ba ya buƙatar gudu kafin ya yi ɓarna. Tafiyar hawainiya ma ta ishe shi ya matse mutum da bango.

Ni na gani da idona. Wata rana da yamma na gama kwasar yashi, na shigo haraba, na tsaya kusa da rumfa, na kashe inji na sauka don in sha ruwa in dawo. Bokiti yana sama daidai ƙugu, da sauran yashi a ciki. Ban sa birki ba, domin a idona wurin a shimfiɗe yake, kuma lokacin da na juya baya tana tsaye cik. Ban fi minti biyar a ciki ba na ji ƙara. Ko da na fito, ta gangara kamar taku goma, leɓen bokiti ya shige ginshiƙin rumfa ya karya shi, kwanon rufi ya rankwafo. A daidai gindin wannan ginshiƙi ɗana ƙarami ya saba zama yana wasa da ƙasa. Ranar Allah Ya sa yana ɗaki. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin, jikina a sanyaye.

Tun daga nan na gane cewa lokacin da ya fi haɗari shi ne ɗan tsakanin nan da mutum yake cewa "yanzu zan dawo": saukowa don buɗe ƙofa, miƙa hannu don cire ciyawar da ta maƙale, matsar da tarakta taku biyu ba tare da zama a kujera ba. Maganin kuwa shi ne ka kafa wa kanka tsari guda, ka riƙa bin sa kullum har hannunka ya haddace, ko kana cikin sauri ko ba ka ciki.

Kafin ka hau

Fara da littafin da ya zo da ita. Taraktoci ba iri ɗaya ba ne. A wata birkin ajiya hannu ne da ake ja, a wata kuwa sai ka take birkin ƙafa sannan ka kafe shi da wani ɗan maƙali. In ta hannu ka saya ba littafi, duba lambar samfurinta a jikin farantin ƙarfe da ke gefen inji ko ƙarƙashin kujera, ka nemi littafin da wannan lamba. Kamfanoni irin su Kubota, John Deere, Massey Ferguson da Mahindra duk suna fitar da na kowane samfuri. Duk inda abin da na faɗa a nan ya saɓa da littafin taraktarka, bi littafin.

Sai zagaye. Kowace rana kafin ka murɗa makulli, zagaya ta sau ɗaya da ƙafa. Duba iskar tayoyi, domin taya ɗaya mai laushi a gefen gangare ta isa ta karkatar da tarakta. Duba baƙin mai, duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi, kada ka kuskura ka buɗe murfinsa da zafi don ruwan zai feso ya ƙona ka. Kakkaɓe busasshiyar ciyawa daga ragar lagireto da kewayen salansa. Duba ƙusoshin da ke riƙe da garma ko injin yankan ciyawa, ka tabbatar kowace da maƙullinta. Leƙa ƙasa ka ga ko akwai ɗigon mai. Mafi muhimmanci, leƙa ƙarƙashi da baya don yaro ko dabba. Inuwar tarakta tana jan yara, kuma daga kan kujera ba ka ganin abin da ke manne da tayar baya.

Tufafi ma abin dubawa ne. Duk abin da ke lilo, riga mai yalwa, mayafi, igiyar wando, sai a cire ko a ɗaure. Sa takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, ba silifas ba, domin ƙafa na zamewa daga kan birki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Tayar da inji

Daga kan kujera ake tayar da tarakta, babu wata hanya ta biyu. Ka zauna, ka tabbatar birkin ajiya na kafe, giya na firi, PTO, wato sandar baya da ke juya kayan aiki, a kashe, sannan ka murɗa makulli. Akwai wata ɗabi'a da ta ci rayuka da yawa: inji ya ƙi tashi, mutum ya tsaya a ƙasa ya haɗa wayoyin kik da sukundireba. Wannan dabara tana tsallake duk na'urorin da aka sa don hana tarakta tashi cikin giya. Kuma dubi inda mai yin haka yake tsaye, daidai gaban tayar baya. In tana cikin giya, da zarar inji ya kama ta hau kansa.

Haka ma ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kujera, wanda ke kashe inji in ka tashi alhali PTO na juyawa ko tarakta na tafiya. Yakan ba mutane haushi, wasu har su haɗe wayoyinsa don ya daina damunsu. In ya lalace a canza shi, kada a soke shi.

In a cikin gareji take kwana, buɗe ƙofa gaba ɗaya kafin ka tayar, kuma ka fitar da ita waje ta yi ɗumi a can. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar carbon monoxide, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma a rufaffen ɗaki sai ta sumar da mutum kafin ya ankara.

Ƙarfen kariya da bel

Wannan ƙarfe mai kama da baka da ke bayan kujera, wanda littafi ke kira ROPS, shi ne abu mafi daraja a jikin taraktarka. Kifewa ita ce babbar hanyar da tarakta ke kashe direbobi. Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta wannan ƙarfe a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma mace-macen kifewa suka ragu ƙwarai a can. A Amurka doka ta wajabta shi ga taraktocin da ma'aikata ke tuƙawa daga 1976, sannan daga 1985 kamfanoni suka mayar da shi abin da ke zuwa da sabuwar tarakta. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ce ƙarfen, in an haɗa shi da bel, yana kare direba daga mutuwa ko mummunan rauni da kashi 99 cikin 100 idan aka kife.

Kalmar "in an haɗa shi da bel" ita ce ake yawan tsallakewa. Aikin ƙarfen shi ne ya bar wani fili kewaye da kujera wanda tarakta ba za ta danne ba. Aikin bel shi ne ya riƙe ka a cikin wannan fili. Ba bel, sai tarakta ta wurgar da kai, ƙarfen da aka sa don ya cece ka ya zama shi ne zai faɗo maka. Kada ka yaudari kanka cewa za ka yi tsalle. Ba a samun lokacin.

Yawancin ƙananan taraktoci ƙarfensu mai naɗewa ne, don su iya shiga ƙofar gareji ko ƙarƙashin bishiya. A nan ake yin sakaci: a naɗe shi da yamma don shiga, da safe a fita a manta, a shekara ana aiki da shi a kwance. Da zarar ka fito daga ƙofa, tsaya, ɗaga shi, zura ƙusoshinsa biyu. Ni na rataya wani jan ƙyalle a sitiyari duk lokacin da na naɗe nawa, ba na cire shi sai ƙarfen ya miƙe. A ɗan lokacin da yake naɗe kuwa, ba a sa bel, kuma ana tafiya ne a hankali a shimfiɗaɗɗen wuri kawai. Kada a huda ƙarfen da na'urar huji ko a yi masa walda don rataya fitila, hakan na raunana shi.

Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya ne. Na san yadda yaro ke roƙo a ɗora shi a cinya ko a cikin bokiti, na san kuma daɗin da ke fuskarsa in an ɗora shi. Amma rami ɗaya ya isa ya zamar da shi, kuma inda zai faɗa shi ne hanyar tayar baya. Gara ya yi kuka a ƙasa.

A kan hanya da gangare

Tarakta doguwa ce a sama, siririya a faɗi, shi ya sa nauyinta ke can sama fiye da na mota. Bokitin gaba yana ƙara tsananta wannan. Duk lokacin da ka ɗaga shi da kaya, ka ɗaga tsakiyar nauyin tarakta gaba ɗaya, sai ɗan juyi ko ɗan tudu ya kwantar da ita. Saboda haka ɗauki kaya, sauke bokiti ƙasa-ƙasa yadda dai ba zai taɓa ƙasa ba, ka yi tafiyarka a haka. Sai ka iso inda za ka juye, kana tsaye a miƙe, sannan ka ɗaga. In za ka ɗaga sama sosai, ɗaga kanka tukuna ka duba wayoyin lantarki da rassan bishiya.

Bokiti cike yana kuma sauke nauyi daga tayoyin baya, alhali a yawancin ƙananan taraktoci birki a baya kawai yake. Wato a gangare, da kaya a gaba, kana iya take birki ka ji ba ta ji ba, domin tayoyin da ke da birki da kyar suke taɓa ƙasa. Magani biyu ne kuma tare ake yin su: rataya nauyi a baya, akwatin nauyi ko wani kayan aiki mai nauyi, sannan ka sa tayoyi huɗu su ja kafin ka fara gangarowa, domin ta haka riƙon birki da na inji ke isa tayoyin gaba.

Zaɓi ƙaramar giya tun kana sama. Kada ka canza giya a tsakiyar gangare, kada ka take kuloci ko ka sa firi don ta gangara da kanta, ba za ka iya kamo ta ba. Hau tudu a miƙe, sauko a miƙe, ka guji ratsa shi ta gefe. In kaya a gaba suke, hau da gaba ka sauko da baya. In nauyin a baya yake kuma tudun na da tsayi, hau da ribas. Dokar dai ita ce ɓangare mai nauyi ya kasance yana kallon sama. In dole ta sa ka ratsa gefen tudu ka ji tayar sama ta fara sauƙi, juya sitiyari zuwa ƙasa a hankali, kada ka juya zuwa sama.

Bakin rami ko gaɓar kwata kuwa, bar tazara aƙalla daidai da zurfinsa. Rami mai zurfin mita 2, ka yi nesa da bakinsa da mita 2, domin ƙasar baki tana zaftarewa ƙarƙashin nauyi. Doguwar ciyawa tana ɓoye kututture da ramuka, don haka filin da ba ka sani ba fara taka shi da ƙafa.

Dubi ƙafarka ta dama, ko ta hagu a wasu samfura, za ka ga birki biyu ne jere, ɗaya na tayar hagu ɗaya na ta dama. An raba su ne don juyi mai kaifi a gona cikin tafiya ƙasa-ƙasa. Akwai ɗan ƙarfe da ke haɗe su. In ba aikin da ke bukatar rabuwarsu, bar su a haɗe, musamman a kan titi. Take ɗaya kawai cikin gudu yana fizgar tarakta gefe ya kifar da ita. In za ka hau titi, kunna fitilu, ka tabbatar alamar nan mai kusurwa uku mai ruwan lemo da jan baki tana manne a baya a tsabtace, ita ke gaya wa direbobi cewa abin da ke gabansu a hankali yake tafiya.

Jan kaya

Wannan sai an tsaya a kai, domin mutane ba sa ganin haɗarin sai ya auku. A bayan tarakta, can ƙasa, akwai wani kaurin ƙarfe mai rami wanda aka yi shi musamman don ja. A nan kaɗai ake ɗaura sarƙa ko tirela. An sa shi ƙasa da gatarin tayoyin baya da gangan. In ka ɗaura sarƙa sama da haka, a jikin gatari ko a mahaɗin sama na hannaye ukun da ke ɗaukar garma, kuma abin da kake ja ya ƙi motsi, inji ba zai tsaya ba. Tun da tayoyi sun kasa gaba, sai ƙarfin ya juya jikin tarakta a kan gatarinta, hanci ya tashi sama ta kife ta baya a kan direba. Cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ta wuce inda za a iya dawo da ita, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi an gama. Kafin ƙafarka ta nemo kuloci lokaci ya ƙure.

Tumɓuke kututture da ciro motar da ta maƙale su ne ayyukan da suka fi jawo wannan. Ja a hankali ba fizga ba, kada kowa ya tsaya kusa da sarƙa don in ta tsinke bulala take zama. In taraktar ce da kanta ta kafe a laka, gwada fita da ribas. Kada ka ɗaura gungume a jikin taya don ta sami abin takawa.

Sandar PTO

Sandar da ke fita daga baya tana juya injin yankan ciyawa ko na haƙa tana yin zagaye 540 a minti, wato 9 a kowace daƙiƙa. In ta kama bakin riga, tana iya naɗe kusan mita 2 na ƙyalle cikin daƙiƙa guda, ta tafi da hannu ko da mutum ɗungurungum. Rigar roba da ke lulluɓe da ita dole ta kasance cikakkiya, tana juyawa da hannu in inji na kashe, 'yar sarƙarta kuma a maƙale. Kada ka tsallaka sandar ko da kana ganin ba ta motsi, zagaya. In ciyawa ta cushe, kashe PTO, kashe inji, zare makulli, ka jira wuƙaƙen su tsaya, domin sukan ci gaba da juyawa bayan an kashe. Injin yanka yana harba duwatsu da nisa, saboda haka a kori kowa daga fili kafin a fara, a kuma juya bakinsa daga tagogin gida.

Yadda ake ajiyewa

Ga tsarin da nake bi tun ranar ginshiƙi, kuma ina bin sa ne ko kwana zan bar ta ko kuwa ƙofa kawai zan buɗe.

Da farko zaɓi wuri. Shimfiɗaɗɗe, mai tauri, nesa da inda yara ke wasa da inda mutane ke wucewa. Ido yana ruɗi a kan gangare, don haka ka gwada: zuba ruwa a wurin ka ga ina ya nufa, ko ka saki birki kana kan kujera ka ji ko za ta motsa. Tambayi kanka, in ta gangara yanzu me za ta tarar? In amsar bango ce da mutane ke zama a gindinsa, canza wuri.

Ka tsaya cik, ka mayar da totur ƙasa, wajen hoton kunkuru. Kashe PTO. Sannan sauke komai: bokiti har leɓensa ya zauna a ƙasa, garma ko injin yanka na baya shi ma har ya dafa ƙasa. Dalilai biyu ne. Man haidurolik ne kaɗai ke riƙe da su a sama, kuma yaro ɗaya da ya hau ya taɓa hannun sarrafawa ya isa ya saki bokiti a kan ɗan'uwansa ko da inji na kashe. Na biyu, kayan da ke ƙasa suna zama kamar anga. Da bokitina na ƙasa a ranar nan, da wuya ta yi nisan da ta yi.

Sa giya a firi, ka kafe birkin ajiya da ƙarfi, birkunan biyu a haɗe. A nan masu tarakta irin mai tafiya da mai, wadda ake kira HST, wadda da feda ake tura ta gaba ko baya, su saurara da kyau, domin tawa irin ta ce. In ka ɗage ƙafa tana tsayawa da kanta, sai ka ɗauka a kulle take. Ba a kulle take ba. Mai ne ke riƙe da ita, kuma man yana silalewa a hankali ta cikin famfo, sai ta fara rarrafe bayan ka juya baya. Barin ta cikin giya ba ya hana wannan. Birkin ajiya ne kaɗai ke riƙe ta. Mai tarakta mai giya ta gargajiya yana iya sa ta a giya ta ɗaya bayan ya kashe inji in littafinsa ya yarda, amma ƙari ne a kan birki, ba madadinsa ba.

In ta yi aiki mai nauyi, bar inji ya yi sululu minti biyu ko uku ya huce, musamman mai turbo. Kana kan kujera za ka yi wannan jira. Sai ka kashe. Bayan ka kashe, motsa hannun bokiti gaba da baya, hagu da dama, don matsin da ya rage a cikin tiyo ya fita. Zare makulli ka sa a aljihu. Saurara, in akwai abin da ke juyawa jira ya tsaya.

Sauka ta gefen da ke da matakala, galibi hagu, fuskarka na kallon tarakta, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna riƙe a kowane lokaci. Kada ka diro. Kula kada riga ko gwiwa ta ja wani hannun giya kana fita. In ka taka ƙasa, tsaya ka dube ta na ɗan lokaci kafin ka tafi.

Wani lokaci babu shimfiɗaɗɗen wuri. To, in gangaren mai sauƙi ne, gicciya ta a kansa maimakon ta fuskanci ƙasa, ka danna leɓen bokiti cikin ƙasa, sannan ka sa waigi a tayoyin baya ta ɓangaren da za ta iya gangarawa. Waigi na katako mai kauri ko na roba, ba guntun bulo ba, bulo yana farfashewa. Na yanka guda biyu suna zaune a akwatin kayan aiki kullum. Birkin ajiya kansa yana saki da tsufa, don haka lokaci-lokaci gwada shi a ɗan tudu kana zaune a kujera. In ta silale, a gyara kafin a sake fita da ita.

Makwancinta

Auna tsayin ƙofar rumfa da tsayin ƙarfen kariya da salansa tun kafin ranar farko, kada ka gwada da ido. Shiga a ƙaramar giya. In wani zai yi maka jagora, ya tsaya a gefe inda kake ganinsa, kada ya taɓa shiga tsakanin tarakta da bango. Da ya ɓace daga idonka, tsaya.

Salansa mai zafi da busasshiyar ciyawa ba sa zama wuri ɗaya. Kada ka ajiye ta a kan tarin ganye ko kusa da damin ciyawa, jarkokin mai kuma a ba su wurinsu daban. Sababbin taraktoci da dama da suka haura ƙarfin doki 25 suna da matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda lokaci-lokaci take ƙone toƙar da ta tara da zafi mai tsanani. In fitilar wannan aiki ta kama, bar ta ta gama a fili, nesa da duk abin da zai kama wuta, kafin ka shigar da ita. Zuba mai ma sai inji na kashe kuma ya huce.

In za ta daɗe ba a taɓa ta ba, cire wayar batir ta nagatif, ka rufe bakin salansa in mai kallon sama ce kuma a waje take. Ɓeraye suna son yin sheƙa a kan inji su ci wayoyi, saboda haka buɗe murfi ka duba kafin ka sake tayarwa.

Cire kayan aiki daga jikinta a yi shi a ƙasa mai tauri, a kafa ƙafafun da aka yi wa bokiti don tsayuwa, a tabbatar abin ya zauna daram kafin a ja da baya. Lokacin haɗawa, kada kowa ya tsaya tsakanin tarakta da garma kana ribas. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin abin da mai ko jak kaɗai ke riƙe da shi, sai an tokare da ƙarfen tokari.

Akwai wani rauni da mutane da yawa ba su san da shi ba. Man haidurolik a cikin tiyo yana ƙarƙashin matsi mai tsanani da ke kai 150 zuwa 200 a ma'aunin matsi da ake kira bar. In tiyo ya yi huji kamar bakin allura, man yana fita siriri yadda ido ba ya gani, kuma yana huda fata ya shige tsoka. Kada ka nemi yoyo da tafin hannu, yi amfani da guntun kwali. In ya huda ka, wurin zai yi kama da ɗan tsinin ƙaya, amma ka tafi asibiti nan take ka gaya wa likita cewa mai ne mai matsi ya shiga, domin sai an yi tiyata cikin 'yan sa'o'i ake ceton yatsa ko hannu.

Makulli kuma kada ya kwana a jikinta, kada a rataye shi a ƙusar da ke bakin ƙofa inda kowa ke gani. Nemi wurin da hannun yaro ba ya kai. Amma manyan gida su san inda yake, kuma ka ɗauki rana guda ka kira su bakin tarakta, inji a kashe, ka nuna musu abu uku: inda ake murɗa makulli a kashe inji, inda ake kashe PTO, da yadda ake kafe birki. Sa kowa ya yi da hannunsa sau biyu. In za ka yi aiki a can ƙarshen fili inda ba a hango ka daga gida, faɗa musu inda za ka da lokacin da za ka dawo, wayarka kuma ta kasance a aljihun da ke rufewa, a jikinka, ba a akwatin tarakta ba.